Kofin Sigerson da Wasannin da Ba Su Shiga Jami'a Ba

A shekarar 1911 wani likita mai suna George Sigerson, wanda yake koyar da ilimin halittun dabbobi a kwalejin jami'a ta birnin Dablin, ya ɗauki albashinsa na koyarwa ya bayar aka sayi kofi. Dattijo ne a lokacin, ya haura shekara 70, kuma ba da ƙwallo aka san shi ba. An fi saninsa da duba masu ciwon jijiya da fassara tsofaffin waƙoƙin harshen Ayalan zuwa Turanci. An ƙera kofin da siffar wata tsohuwar ƙwaryar sha ta mutanen ƙasar, mai mariƙi huɗu, kowane mariƙi yana wakiltar ɗaya daga cikin manyan lardunan tsibirin. Sharaɗin kawai shi ne ɗaliban jami'a su riƙa fafatawa a kansa kowace shekara, a wasan ƙwallon gargajiyar ƙasarsu. Kwalejoji uku ne suka fara: ta Dablin, da ta Cork, da ta Galway. Ta Cork ce ta fara ɗauka.

Wasan da ake magana a kai ba ƙwallon ƙafar da ake kallo a gidajen kallo na Birnin Kudu ba ne. 'Yan wasa 15 ne a kowane ɓangare. Ana kama ƙwallo da hannu, ana gudu da ita taku kaɗan, sannan dole a buga ta a ƙasa ko a sake ta kan ƙafa a dawo da ita hannu. Ragar tana da dogayen sanduna biyu da suka zarce sama. Wanda ya zura a raga ya ci maki uku, wanda ya haura da ita ta saman sandar tsakiya ya ci maki ɗaya, kuma a 2025 an ƙara dokar ba da maki biyu ga wanda ya haura da ita daga nesa. Wasa ne na ture da kafaɗa da tsalle, irin wanda manoma suka saba yi tsakanin ƙauye da ƙauye tun kafin a rubuta masa doka.

Darajar abin da Sigerson ya yi ba ta fitowa sai an san halin da wasan yake ciki a zamaninsa. Ayalan tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya a lokacin. Manyan makarantun da 'ya'yan masu hali ke shiga sun rungumi wasannin Ingila, wato zari-ruga da kurket da ƙwallon gora, kuma yaron da ya iya su ya riga ya sa ƙafa ɗaya a aikin gwamnati ko na lauya. Wasan gargajiya kuwa na 'yan ƙauye ne. A ranar 1 ga Nuwamba 1884 wani malamin makaranta, Michael Cusack, da wasu mutane ƙalilan suka zauna a wani otal a garin Thurles suka kafa ƙungiyar wasannin gargajiya ta ƙasar, wadda aka fi sani da GAA. Suka rubuta dokoki, suka ɗaure kowane kulob da unguwarsa, kowace gunduma da tawagarta. Wasan ya bazu a karkara kamar wutar daji, amma ƙofar jami'a ba ta buɗe masa sosai ba. Wanda zai zama likita ko alƙali yana iya kammala karatunsa bai taɓa sa rigar wasan kakanninsa ba, kuma babu mai ganin hakan a matsayin rashi. Kofin 1911 ya zo shekara uku kacal bayan kafa Jami'ar Ƙasa ta Ayalan a 1908, wadda kwalejojin nan uku suke ƙarƙashinta, ya shiga da wasan manoma inda ake renon manyan gobe.

Daga nan gasar ta yi ta faɗaɗa a hankali. An raba tsibirin gida biyu a 1921, gundumomi shida na arewa suka zauna tare da Birtaniya, amma gasar ba ta amince da iyakar ba. Jami'ar Queen's ta Belfast, wadda take can arewa, ta shigo, ta daɗe tana shan kaye kafin ta ɗauki kofin karon farko a 1958. Cikin 'yan wasanta akwai Seán O'Neill, wanda shekara biyu bayan haka yana cikin tawagar gundumar Down da ta ɗauki babban kofin ƙasa ta tsallaka iyaka da shi karon farko. Kwalejin Trinity, tsohuwar cibiyar masu ra'ayin Ingila a tsakiyar Dablin, ta shigo a 1963. Maynooth, inda ake horar da limaman Katolika, ta ci a 1976. Daga baya aka buɗe wa kwalejojin fasaha, sai ga ta garin Tralee ta ɗauka sau uku a jere daga 1997 zuwa 1999, abin da ya ɓata wa tsofaffin jami'o'i rai ƙwarai. A 2017 wata ƙaramar kwalejin horar da malamai ta Belfast, St Mary's, ta doke babbar kwalejin Dablin a wasan ƙarshe, duk da cewa ta Dablin ce ta fi kowa yawan cin kofin, fiye da sau 30. A tsawon fiye da ƙarni guda, shekaru kaɗan ƙwarai aka tsallake ba a yi gasar ba, ciki har da 2021 saboda annobar korona.

Gasar tana da nata tabo. Ana yin ta a watannin Janairu da Fabrairu, cikin sanyi da laka, daidai lokacin da tawagogin gundumomi ke neman waɗannan matasan, har yaro ɗaya ya riƙa buga wa ƙungiyoyi uku a wata guda jikinsa ya gaza. An sha yin rigima kan wanda ya cancanci a kira ɗalibi, domin an sha zargin makarantu da jawo gwanaye da tallafin karatu don kofi kawai. Duk da haka amfaninta ya rinjayi aibinta. Malamin firamare da ya buga Sigerson ya koma ƙauyen da aka tura shi yana horar da yara da yamma. Akanta ya zama ma'ajin kulob ɗin unguwarsu. Likita ya tsaya a bakin fili ranar Lahadi ba don kuɗi ba. Ƙungiyar tana da kulob fiye da 2,000 a yau, 'yan wasanta ba sa karɓar albashi, kuma filinta na Croke Park yana ɗaukar mutum 82,300, yana kuma cika maƙil ranar wasan ƙarshe.

Wannan labari na wata ƙasa mai ruwan sama da ciyawa yana da abin da zai faɗa wa mutumin Sundimina, domin ƙasar Hausa ta bi irin hanyar, sai dai ta ɗauki ɗaya reshen a mararraba.

Da Turawa suka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, sun zo da wasanninsu tare da littattafansu. Ɗalibai suka koyi kurket da ƙwallon gora da wani wasa da ake buga ƙaramar ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda Turawa ke kira fives. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya ƙware a kansa, bai rabu da shi ba har ya zama Firimiya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kawo ƙwallon dawaki, ta zama wasan sarakuna da 'ya'yansu har gobe. Makarantun da suka biyo baya, har da ta Birnin Kudu wadda ta yaye fitattun mutane irin su Aliko Ɗangote, duk sun gaji wannan tsari: fili mai layin farar ƙasa, da gidajen kwana masu gasa da juna, da malamin wasanni mai usur a wuya. Babu laifi a cikin ko ɗaya. Abin lura shi ne abin da aka bari a bayan katanga. Yaron da ya zo daga Gwaram ya iya langa tun yana shekara bakwai, ya ga kokawa a dandali kowace kaka, amma ranar da ya sa kayan makaranta ya fahimci, ba tare da an faɗa masa ba, cewa waɗancan na gida ne.

Jami'o'i ma haka suka ɗora. A 1966 jami'o'i biyar na farko, wato Ibadan, Legas, Ife, Nsukka da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka fara gasar wasannin jami'o'in Nijeriya da ake kira NUGA, aka yi ta farko a Ibadan. Zariya ta karɓi baƙuncin gasar a 1972, ta kuma sake karɓa daga baya, Jami'ar Bayero ta Kano da ta Maiduguri su ma sun taɓa karɓa. Ita ce mafi kusa da Sigerson da Nijeriya take da ita, kuma ta fi ta girma nesa ba kusa ba ta fuskar yawan wasanni da ɗalibai. Amma ta bambanta da ita ta hanyoyi biyu. Na farko, ba ta da tabbas. An tsara ta duk bayan shekara biyu, sai ga shi an yi a Ife a 2014, a Makurdi a 2017, ba a sake ba sai a Legas a 2022, saboda ƙarancin kuɗi da annoba da yajin aikin malamai, wanda na 2020 kaɗai ya ci wata tara. Ɗalibi yana iya shiga jami'a ya fita gasar ba ta zagayo ba. Na biyu, wasannin da aka san ta da su duk baƙi ne: guje-guje da tsalle-tsalle, ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, ƙwallon raga, ninƙaya, kurket, judo, takwando. Ɗalibin Kano yana iya ɗauko lambar zinare a kokawar Japan ko damben Koriya, ya dawo gida a yi masa tarba, alhali bai taɓa shiga da'irar kokawar garinsu ba.

Akwai wani abin mamaki a nan idan aka jera ƙasashen biyu. Mutanen Ayalan sun kusa rasa harshensu, yau mafi yawansu Turanci suke yi a gida, amma sun ceci wasansu. Hausawa kuwa harshensu yana nan daram, yana ma cinye maƙwabtansa, har ya samu kujerar farfesa a Kano da Zariya da Sakkwato. Ta wannan ƙofa ce dambe ya shiga jami'a, a kan takarda. An rubuta kundaye a kan waƙoƙin da Ɗan'anace ya yi wa Shago, an feɗe kirarin 'yan dambe, an tantance salon kiɗan kalangu. Ɗalibi zai samu digiri da yabo a kan adabin dambe, ba a taɓa naɗe masa hannu ba. Jami'a ta karɓi waƙar ta bar mai waƙar a Dei-Dei.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, kuma ba duka ne na banza ba. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, suna yawo gari gari bayan an kawar da amfanin gona, kuma kowa ya san matsayin da al'adar Hausa ta ajiye mahauci a jerin masu sana'a. Ɗan boko da ya sha wuya ya haura wannan tsani ba ya son a gan shi yana saukowa. Sannan ga batun addini. Layu da guraye da shan magani da caca a gefen fili abubuwa ne da suka manne wa dambe da kokawa, kuma uban da ya hana ɗansa zuwa saboda su yana da hujjarsa. Ga kuma batun lafiya, wanda ya fi duka nauyi: hannun da aka naɗe da zane da igiya ya zama guduma, manufar turmi uku ɗin nan kuwa ita ce a kai abokin karawa ƙasa, abin da 'yan wasan da kansu ke kira kisa. Shugaban jami'ar da zai sa hannu a kan takardar da ta halatta wa ɗalibansa bugun kai irin wannan, ba tare da awon nauyi da likita da kariyar baki ba, bai san aikinsa ba.

Sai dai duk waɗannan hujjoji sun fi ƙarfi a kan dambe. Suna raunana idan aka zo kan kokawa, suna faɗuwa warwas idan aka zo kan langa. Kokawa ba ta fi judo haɗari ba, kuma tsohon wasa ne da malamai ba su yi saɓani a kan halaccin asalinsa ba, matuƙar an rufe al'aura an nisanci shirka da caca. Langa kuwa wasa ne na tawaga mai dabara: kowa ya kama ƙafa ɗaya da hannu, ana kare wanda aka naɗa ruwa har ya kai ga sha, abokan hamayya suna neman kayar da shi. Ba ya buƙatar komai sai fili da alƙali. Kuma ba a ce babu dokoki a rubuce ba, domin Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973, ya daɗe da shigar da dambe da kokawa da langa cikin jerin wasanninsa, jihohi suna tura tawaga suna cin lambobi. Abin da gwamnatin jiha take iya yi da 'yan wasan haya, jami'a tana iya yi da ɗalibanta.

Hujja mafi ƙarfi ma tana tsallaken iyaka, arewa da Maigatari. A 1975, zamanin Seyni Kountché, Jamhuriyar Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Tun daga nan gasar take zagaya jihohin ƙasar takwas, kowace jiha da 'yan kokawarta goma, an gina filaye na musamman, kuma idan aka fara, rediyo da talabijin ba su da wani zance. Sunan Issaka Issaka na Doso ya kai inda sunan ministoci bai kai ba. Nijar ta yi abin da Cusack ya yi a 1884: ta rubuta doka, ta ɗaure ɗan wasa da yankinsa, ta tsayar da lokaci. Ta nuna cewa wasan Bahaushe yana jure wa tsari ba tare da ya mutu ba. Makaɗa suna nan, kirari yana nan, an ƙara alƙali da agogo ne kawai.

Ba duk abin da Ayalan ta yi ne abin koyi ba. Daga farkon ƙarni na 20 har zuwa 1971, ƙungiyarsu ta haramta wa mambobinta buga wasannin Ingila, har ma da zuwa kallonsu, ta kuma sa 'yan leƙen asiri a bakin filaye. A 1938 ta cire shugaban ƙasar, Douglas Hyde, daga matsayin uban ƙungiya don ya halarci wasan ƙwallon ƙafa tsakanin Ayalan da Folan, shi da ya ƙarar da rayuwarsa wajen farfaɗo da harshen ƙasar. Wannan ƙuntatawa ce, kuma su da kansu sun watsar da ita. Matashin Sundimina da ya biya kuɗin shiga gidan kallo don ya ga Arsenal bai ci amanar kowa ba, kuma duk wanda ya tashi raya langa ta hanyar zagin ƙwallon ƙafa zai ƙare shi kaɗai a fili. Sigerson bai hana kowa komai ba. Kofi ya ajiye a inda babu.

Abin da ake asara a halin yanzu ya wuce nishaɗi. Wasan da masu ilimi suka ƙaurace wa yakan rasa mai rubuta tarihinsa, da mai riƙe masa asusu, da likitan da zai ce wannan yaron kada ya sake shiga sai bayan wata guda. Yau dambe yana samun miliyoyin masu kallo a YouTube, kamfanoni sun fara shirya shi don kasuwar waje, ana sa hannu a kan yarjejeniyoyi da Turancin lauyoyi. Wanda ke shan naushin, sau da yawa, bai iya karanta takardar ba. Da a ce cikin tsararsa akwai lauyoyi da akantoci da 'yan jarida da suka taɓa shiga da'ira suna ɗalibai, da zancen ya sha bamban. A ɗaya ɓangaren kuma ɗan bokon ne ke asara. Matashin da ya bar ƙauye ya tafi Dutse karatu yakan dawo hutu ya tarar babu wani abu guda da yake yi tare da abokan da suka yi kiwo tare, in ban da gaisuwa da sallar jam'i. Tazarar da ke tsakanin mai digiri da manomi a Arewa tana da dalilai manya da suka fi wasa, amma wasa yana cikin 'yan wuraren da ake iya cike ta ba tare da kasafin kuɗi ba.

Jigawa ba ta da jami'a ko ɗaya lokacin da aka ƙirƙiro ta a 1991. Yanzu akwai ta tarayya a Dutse, wadda aka kafa a 2011, da ta jiha a Kafin Hausa mai ɗauke da sunan Sule Lamiɗo, wanda shi kansa ɗan ƙaramar hukumar Birnin Kudu ne. Ga ta kimiyya da fasaha a Wudil, ga ta Gaɗau a jihar Bauchi, ga Bayero a Kano. Dukansu tafiyar yini ɗaya ce a motar makaranta, a je a dawo. Uku daga cikinsu sun isa, tunda da uku aka fara a 1911. Idan abin ya kafu, jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa suna nan, kuma ɗalibansu ba za su buƙaci tafinta ba, ko da yake wanda ya san kokawar Nijar zai ba wa 'yan Dutse shawarar kada su yi gaggawar aika goron gayyata.

Wahalhalun da za a tarar ƙanana ne amma na gaske. Sai an raba 'yan kokawa bisa nauyi, abin da dandalin ƙauye bai sani ba. Sai an yanke shawara kan kiɗa, domin kokawa babu ganga kamar tuwo ne babu miya, amma wasu hukumomin makaranta za su ɗaga gira. Sai an tantance wane ne ɗalibi, in ba haka ba za a wayi gari a ga wani ƙato daga gidan dambe riƙe da katin shaidar sashen lissafi, irin rigimar da Ayalan ta sha fama da ita. Alƙalan farko dole daga ƙauye za a ɗauko su, tsofaffin 'yan kokawar Gwaram da Birnin Kudu waɗanda suka san bambancin kaye da zamewa, a biya su kamar yadda ake biyan malamin wucin gadi. Lokaci kuma ya riga ya zaɓi kansa: tsakanin Nuwamba da Janairu, an gama girbin gero da dawa, ƙasa ta bushe, zafi bai sauko ba, kuma a shekarar da babu yajin aiki ɗalibai suna makaranta.